Takabar da Ta Wuce Kaltume

A ƙauyenmu na gabas da Gezawa, in ka ce wa Kaltume mai daddawa an ga wata, sai ta fito tsakar gida ta ɗaga kai da kanta. Yara na yi mata dariya, amma manya sun san mafarin abin.

Mijinta Iliyasu ya shiga soja lokacin yaƙin basasa, a shekarar da gonarsu ta ƙi. Kafin a kwashe su kudu, ya sa a riƙa yankar wani abu daga albashinsa ana ba ta. Duk ƙarshen wata sai ta bi motar kasuwa zuwa birni, ta shiga layin matan sojoji a ofishin biya na bariki, ta dangwala yatsa. Ofishin tsoho ne tun na zamanin Turawa, kuma matan sun san ƙa'idarsa: muddin ana kiran sunan mijinki ta taga, yana raye. Ranar da aka tsallake shi, nemi wadda za ta riƙe ki.

Ana nan sai Sama'ilu, ɗan ƙauyen da suka tafi tare, ya dawo da ƙafa ɗaya. Ya rantse ya ga Iliyasu ya faɗi a bakin wani kogi bai tashi ba. Kaltume ta garzaya wurin Saja Badaru, mai kiran suna, mutum mai zaƙin baki kamar rake.

"Haba baiwar Allah," in ji Saja, "matacce yana cin albashi? Je ki kwantar da hankalinki."

Hankali bai kwanta ba. Ta lura Saja ba ya haɗa ido da ita. Ta lura da sabon agogonsa. Ta kuma lura an daɗe ba a tsallake sunan kowa ba, alhali kullum rediyo na cewa yaƙi ya yi zafi. Biri fa ya yi kama da mutum. Ta kai wa liman, Malam Khalilu, maganar, ya ce ba a shiga takaba da jita-jita. Dangin miji kuwa suka fara raɗa cewa ta san gaskiya, kwaɗayi ne ya rufe mata baki. Wannan ya ƙona mata rai ƙwarai, amma ga yara uku, ga rumbu wayam, dole ta ci gaba da zuwa layi.

Sai bayan yaƙi aka zo bincike, aka tafi da Saja a bayan mota. Ashe sunayen matattu yake rayawa, ya ba matan ɗan abin da suka saba, ya haɗiye sauran albashin. Iliyasu ya cika tun ranar da Sama'ilu ya ga ya faɗi, fiye da shekara biyu ke nan.

Kaltume ta cire 'yan kunne, ta durƙusa a zauren liman ta ce ta zo ta fara takaba.

Malam ya sunkuyar da kai. "Daga ranar rasuwa ake ƙirgawa, Kaltume. Taki ta wuce tuntuni."

"Malam, a cikin watannin nan fa na je bikin ƙanwata Sauda. Na yi lalle, har guɗa na rangaɗa."

"Ba ki sani ba. Babu laifi a kanki."

"Na ji babu laifi," ta ce. "To shi Iliyasu, wa ya zauna masa?"