Layin Gawayi a Saman Bene

Cikin duk ayyukan sola da na yi a ƙasar Daura, akwai ɗaya da ba zai taɓa fita daga raina ba. Shi ne babban aikina na farko, a wani bene mai kantin magani kusa da kasuwa. Mai benen yana son firjin magungunansa ya daina dogara da janareto. Na auna rufin simintin, na zaɓi gefen kudu saboda tankin ruwan da ke tsakiya yana yin inuwa. Lissafina bai da kuskure ko ɗaya. Abin da ban lissafa ba shi ne gidan da ke ƙarƙashin wannan gefen.

Da hantsi muka hau, ni da abokin aikina, wani dogon mutum daga Zango. Muna ɗaga farantin sola na farko sai muka ji salati daga ƙasa, da ƙarar kwano ya faɗi. Mata ne a tsakar gidan maƙwabci suna wanki, suka watse zuwa ɗakuna. Mun hau saman mutane babu sallama, abin da ko mai gyaran rufin ƙasa ba ya yi.

Ba a jima ba maigidan ya iso, dattijo gajere, tsohon dillalin shanu.

"Kai mai sola, sauko!" ya ce. "Gidana ka mayar da gidan kallo? Ko ku kwashe kayanku, ko na kira Hisba yanzu."

Na buga wa mai benen waya. Amsarsa gajera ce: ba zai ɓata da maƙwabcinsa saboda lantarki ba, in dattijo bai yarda ba, mu tattara. Na san in na sauke farantan nan, kafin la'asar labari ya zaga kasuwa, kuma babu wanda zai sake ba ni rufin gidansa.

Na sauko na durƙusa na ce, "Baba, mun yi laifi, ba ni da hujja. Alfarma ɗaya nake nema. Ka hau da kanka ka ga abin da ake gani, sannan ka yanke hukunci."

"Ni zan hau tsani? Kana so ka haɗa mini da karaya?"

Amma ya naɗe babbar rigarsa a kafaɗa, ya aika a gaya wa iyalinsa su shige ɗaka, ya hau muna riƙe masa tsanin. Da ya tsaya a bakin rufin ya leƙa gidansa. Randa, igiyar shanya, turmi, har ƙofar makewayi, komai a fili.

"Sau uku ina ƙara wa katangar nan tsawo," ya ce a hankali. "Ashe daga nan ba ni da katanga."

Na ce masa ya riƙa ja da baya, inda gidan ya ɓace masa, nan za mu ja layi, kuma babu ƙafar da za ta tsallake shi, ko yau ko ranar wanke farantan. Ya yi taku uku ya tsaya. Na sunkuya da gawayi zan zana, sai ya riƙe hannuna.

"Wayo za ka yi mini? Ni gajere ne. Kawo wancan dogon naka, da idonsa za a auna."

Dariya ta kama mu duka, har shi. Abokin aikina ya ja da baya taku shida kafin ya rantse ba ya ganin komai sai kan bishiyar darbejiya. Nan dattijo ya karɓi gawayin ya ja layin da hannunsa.

Layin ya cinye mini kusan rabin wurin. Dole muka zubar da ruwan tankin, muka matsar da shi arewa, na sake tsara farantan sahu biyu, na ƙara waya. Aikin kwana ɗaya ya zama na kwana uku. Kowace safiya sai na tsaya a zauren dattijo na yi sallama, ya leƙa ciki ya ce, "Masu sama sun zo," sannan mu hau. A rana ta uku firjin ya tashi, babu hayaƙi babu ƙara.

Tun daga lokacin, kafin na duba inda rana take faɗowa a kan rufi, sai na fara duba inda idona zai faɗa. Na koyi cewa rufin na mai gida ne, amma abin da ake hange daga kansa na maƙwabta ne, kuma izininsu ake fara nema kafin a jingina tsani.