Wayar da Ban Saka a Ƙwarya Ba

Ni ne da laifi, gara in faɗa tun kafin in ba ku labarin hanya. An ce kowa ya ajiye waya, ni kuwa na ajiye ɗaya na ɓoye ɗaya.

Mun tashi da asuba, ni da abokin aikina na shagon ɗinki a Katsina. Kawunsa ne ya gayyace mu bikin gama girbi a wani ƙauye bayan Wagini, wanda ba zan faɗi sunansa ba. Abin da ya ja ni shi ne wani tsohon makaɗin noma da aka ce zai yi wasa. Tun ina yaro mahaifina yake ba ni labarin gangarsa, amma ban taɓa jin ta ba.

Sammakon namu bai yi amfani ba, domin direba ya ce ba ya hawa hanyar Batsari sai rana ta fito. Kuɗin mota ya kusa ninka yadda na san shi. A hanya na lura gonakin bakin titi an girbe su tas, na can nesa kuwa ciyawa ce ta fi mutum tsawo. Na tambayi dalili, wata tsohuwa da ke kusa da ni ta ce, "Kai baƙo ne, ko?"

A Batsari muka karya da koko da ƙosai. Ƙasar wake ce, amma ƙosan ya ƙanƙance har abokina ya tambayi mai suyar ko da cokalin shayi take zuba ƙullun. Daga nan muka hau babur, muna ta kauce wa jakuna ɗauke da harawa. Ɗan acaɓan kuwa idonsa yana kan daji.

Kawu ya tarbe mu da gaisuwar da sai da gwiwata ta yi tsami, aka kawo tuwon dawa da miyar kuka. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne lokacin wasan. Da can kwana ake yi ana kiɗa a dandali, yanzu bayan azahar ake farawa a cikin gida, a watse da sauran rana.

Kafin a taɓa ganga sai aka zagaya da wata babbar ƙwarya, kowa yana saka wayarsa. Makaɗin, tsoho siriri mai jan haƙora, ya dube mu ya ce, "Mutanen birni, har da ku. Waƙar ga ta kunne ce, wanda ya ji ya ji."

Na ɗauka tsoro yake kada a sayar da waƙarsa a kasuwa. Na ce a raina ai ni ba sayarwa zan yi ba, saurare kawai zan riƙa yi ina taka keken ɗinki. Na saka ƙaramar wayata a ƙwarya, na kunna babbar a aljihun riga tana ɗaukar murya.

Kiɗan ya fi yadda mahaifina ya faɗa. Tsohon yana kiran kowane manomi da sunansa da na ubansa, ya faɗi inda gonarsa take, da yadda rumbunsa ya cika, mutumin ya miƙe yana jinjina fartanya, mata na guɗa. Kawu ya fi kowa samun kirari, har da bijimansa na huɗa da gindin tsamiyar da yake turke su.

Washegari muka biyo ta Safana, don a can muka sami mota. Tafiya ta miƙa, sai na kunna waƙar in burge abokina. Mutane suka fara kaɗa kai. Can wani mutum a kujerar gaba ya juyo.

"Malam, wane gari ne wanga? Mai bijiman nan har yanzu shina da su? Turo mani mana."

Direba ya kalle ni ta madubi ya ce, "Kashe abin nan."

Na kashe. Har yau ban san ko wane ne mutumin ba. Wataƙila mai son kiɗa ne kamar ni. Amma a ƙasar da ake bin mutum har gida da bindiga saboda an ji yana da shanu, ni na zauna na sanar da cikakkiyar mota sunan kawu da na ubansa da maturkar dabbobinsa. Da muka sauka abokina ya ce, "Tuwonsa fa ka ci."

Ina isa gida na goge waƙar. Na gane cewa niyyata ta tsaya a cikina, waya ba ta san ta ba, kuma wanda ya hana ka ɗauka ba dole ne ya faɗa maka dalilinsa ba.

Ƙauyen ba sabis, sai da na jira ranar kasuwar Batsari abokina ya haɗa ni da kawu ta waya, makaɗin yana kusa da shi. Na gaya musu komai, har da tambayar mutumin. Kawu ya ce zai kai bijiman wajen ƙanensa a cikin gari. Aka miƙa wa tsohon wayar.

Na ce, "Baba, ka hana, na ji, na yi. Na ci amanarka, na jefa mai gidan da ya ciyar da ni cikin fargaba. Ba ni da hujja. Don Allah ku yafe mini."