Neman Gafiya Mai Ciki Daga Kazaure Zuwa Babura

Mun tashi da asuba daga Kazaure, ni da yayana da ke tuƙi, ga kwalaben ruwan adana nama suna ta ƙara a bayan mota. Binciken digirina na biyu kan mahaifar gafiya ne, yadda take sauyawa daga lokacin hutu zuwa na barbara zuwa na ciki. Na samu kowane mataki sai mai ciki. Damina kuma tana haɗa kayanta, malamina ya ce in na rasa bana, in jira baɗi. Ni kuwa wallahi na gaji da zama ɗaliba.

Hanyar Roni shar take, gero ya fi mutum tsawo, duwatsu sun sha wanka. Mun karya da ƙosai da kunun tsamiya a tasha, ƙosan ya ƙanƙance kamar ƙwallon goriba. Maharbin da muka samu ya kawo min namiji ƙato yana murna. Na yi godiya, na ce a sake shi.

A Gwiwa aka samu mace. Na duba ta a inuwar ɗorawa, mutane sun kewaye ni. Gabanta a rufe yake da fata, alamar ba ta ma shiga lokacin barbara ba. Irin wannan mahaifarta rassa biyu ce sirara kamar taliya, ina da su har sun ishe ni. Muna nan wani maharbin Babura ya bugo waya: ya kama mai ciki, tana jan jiki da ƙyar. Sai da na yi tsalle, yayana ya ce in tuna ni matar aure ce.

Ramukan hanyar Kanya Babba ba su dame ni ba ranar. Mun isa bayan la'asar, dattijon maharbin ya shimfiɗa mana tabarma, ƙamshin daddawa ya cika gidan. Sai ga kwano an ajiye a gabana. Gafiyata ce, an babbake, an gyara, an yi farfesu.

"Baƙuwa daga jami'a, ai ba ma miƙa miki da gashi ba," in ji shi.

Na ce, "Baba, kayan cikin fa?"

Ya nuna bola, inda kaji suka riga suka gama aikinsu. Hawaye ya cika min ido. Sai matarsa ta yafito ni zuwa madafa, ta ɗaga wani faifai. Mahaifar ce a ƙwarya, lulluɓe da ɗanyen ganye. Reshe ɗaya kumburi uku, ɗayan ɗaya, a jere kamar carbi, ga jakunkunan ƙwai biyu ba a taɓa su ba.

"'Yata, ni uwa ce, ban iya jefa wa kaji 'ya'yan wata ba," ta ce. "Da na idar da sallah zan binne su."

Na rungume ta har ɗankwalinta ya zame. Na zuba mahaifar a kwalba, yayana kuwa ya share farfesun tas.

Mun shiga Kazaure ana kiran isha'i, kwalbar tana kan cinyata. Wata shida ina bin maharba da bayani, ban taɓa leƙa madafa na gaya wa masu riƙe wuƙar abin da nake nema ba. Shafin godiya na kundina, da Inna ta Babura zai fara.