Rimot ɗina da askin surukina

Jama'a, yau saura ƙiris in rasa mata saboda rimot!

Na talabijin ɗin shagona ne ya mutu, na sayo irin mai kama kowane talabijin a kasuwar Kazaure. Mai sayarwa ya ce in yi ta danna maɓalli ɗaya, idan talabijin ya mutu to ya kama.

Talabijin ɗina yana bakin ƙofa. Na saita shi, na danna. Shiru! Na sake. Shiru!

Sai salati daga shagon Sale mai aski, wanda ke kallon nawa. Ashe nasa nake kashewa! Ya kunna, in kashe. Ya kunna, in kai shi tashar Larabawa. Ni ban sani ba, ina ta danna.

Na ji Sale yana cewa, "Wallahi ba wanda ya taɓa shi!"

Wani ya ce, "Mutanen ɓoye ne!"

Kowa ya watse! Sai ga wani dattijo ya faɗo shagona, rabin kai a aske, ba hula, ba takalmi. Surukina ne, Alhaji, da ya zo daga Roni!

Na zube ƙasa ina gaisuwa, na danne rimot da gwiwa. Can na Sale ya ƙure murya!

Alhaji ya dubi talabijin ɗina yana haki. "Naka ba su taɓa shi ba?"

Na ce, "Ba su taɓa ba, Baba."

Ya ce, "Alhamdulillahi. Na san 'yata tana hannun mai addu'a."