Mangwaron da Ya Kama Ƙasar Aro

Ni fa ko kusa ban taɓa mafarkin renon itatuwa ba. Malamin gona ne ya zo daga Gaya a kan babur, ya tara mu a Gafasa, ya ce yanzu abin da gwamnati ta sa a gaba shi ne dashe. Duk wanda ya reni mangwaro mai aure, da an yi shuka mota za ta zo ta kwashe a biya shi. Ina ango, jini na tafasa, na ce ni ne nan.

Gonarmu jigawa ce, ba ruwa. Sai na je wajen wani dattijo Babarbare, aminin mahaifina marigayi, wanda muke kira Baba, ya ara mini gefen fadamarsa mai rijiya. Sharaɗi ɗaya ya kafa mini, wanda kowa ya sani a ƙasarmu: ba a dasa itace a gonar aro, don mai itace shi ne mai ƙasa. Na ce, "Haba Baba, ai a tukwane zan rena, baƙi ne, da damina za su tafi."

Na sha wuya kuwa! Guga ya cinye mini tafin hannu. Na koyi yi wa mangwaro aure, na ɓata da yawa kafin hannuna ya faɗa. Da suka yi toho, jajaye wur, har matata nake kaiwa kallo.

Damina ta zo, ba mota. Ga fari ya biyo baya. Na taka har Gaya, malamin gona ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba.

"Mangwaro? Malam, mutane na neman gero kana zancen mangwaro? Bana iri da taki aka sa a gaba. Ka saurara sai baɗi."

Innalillahi! Kai da bakinka fa! Na dawo na ci gaba da ban ruwa, don ban iya kallon su suna mutuwa ba. Baɗin ma shiru.

Wata safiya na sunkuya zan gyara wa wata tukunya zama, ta ƙi motsi. Na ja, ta dare biyu a hannuna. Saiwa ta fasa gindin ta shige ƙasa. Na taɓa ta kusa, haka. Na bi layi ina girgizawa. Duk sun kama.

Ban kai ga zuwa wurin Baba ba, shi ya zo, yana dogara sanda, da gatari a kafaɗa. Ya daɗe yana dubansu.

"Sun yi kyau, ɗana," in ji shi.

"Baba, wallahi ba dasawa na yi ba. In an tone su da rani mutuwa za su yi. A bar ni zuwa damina."

"Na sani. Amma kai ma damina aka ce maka. Ni na tsufa. In na faɗi gobe, 'ya'yana za su ce fadamar ubansu, naka su ce itatuwan ubansu. Wa zai tashe ni in ba da shaida?"

Ya miƙo mini gatarin, ƙota ta gaba, ya juya baya don kada ya gani.

Mangwaro ƙarami ba ya buƙatar sara biyu. Kafin rana ta yi zafi na gama.