Dabinon Inna

Ni mutum ne mai auna abu kafin in sa hannu. Da haka na tashi daga dakon buhu a kasuwar Nguru har na kai ga sayar da gero da riɗi mota-mota. Saboda haka, da Inna, mahaifiyata, ta ce a kai ta kwarin da aka haife ta, can arewa da Gashua, sai da na zauna na auna. A hannu ɗaya akwai ranar kasuwa da zan rasa, ga man mota, ga kasadar shiga rairayi da tsohuwa da yara. A ɗaya hannun akwai idonta na dama. Na hagun ya riga ya tafi, likita kuma ya ja ni gefe ya ce na daman ma ba zai daɗe ba. Abin da take so ta gani da shi bishiyoyin dabino ne guda uku, waɗanda mahaifinta ya dasa mata tun tana goye. Rabonta da su tun kafin a haife ni.

Sanyi ya wuce, zafi bai kankama ba, muka kama hanya bayan sallar asuba: ni da Inna, da matata, da 'ya'yanmu mata biyu. Mai jan mu abokina ne, Bafulatani dillalin shanu, wanda motarsa ta saba da daji. Inna kuwa Babarbariya ce, don haka tun kafin mu bar gari suka fara tsokanar juna irin ta Fulani da Barebari.

Abokina ya ce, "Inna, yanzu duk wahalar nan a kan dabino? In saya miki mudu biyu mana a bakin tasha, mu koma mu kwanta."

"Ja mota, bawan gidanmu," in ji ta. "Kakanka da saniya ɗaya ya iso garinmu, ita ma ta aro ce."

A Gashua muka karya da ƙosai da shayi, na sayi goro da sukari na tsaraba, muka cika jarkoki da ruwa. Da muka sauka daga kwalta, Inna ta ba mu kwatance da ƙarfin zuciya. Ta ce za mu ga wani farin tudu mai tozo kamar na raƙumi, mu bar shi a hagu, kwarin yana bayansa. Muka karɓa ba musu. Ni ɗan gari ne, abokina kuma hanyar shanu ya sani, babu wanda ya tuna cewa tudun yashi tafiya yake yi. Iska tana kwasar sa daga nan ta zuba can, Inna kuwa tudun ƙuruciyarta take ba mu.

Muka yi ta bin duk tudun da ya yi kama da tozo. Ƙasar tana da kyau, ba zan ɓoye ba. Ka hau tudu ka ga yashi ja da fari har iyakar ganinka, ka gangara sai ga goruba kore shar a kwari, da farar kanwa shimfiɗe a ƙasa kamar an zubar da gari. Sau biyu mota ta kafe. Muka rage iskar tayoyi, muka sassaro kaba muka shimfiɗa, matata ta ɗaure mayafi a ƙugu ta shiga turi tana cewa ba a gaya mata wannan ba ranar ɗaurin aure. Yaran ko a jikinsu, hawa tudu suke yi suna mirginowa.

Da rana ta take, na duba ruwanmu na duba mai. Na je na durƙusa gaban Inna na ce, "Inna, in la'asar ta yi ba mu samu ba, juyawa za mu yi. Ba zan kwana da yara a nan ba." Ta gyara zaman tabaranta kawai. Na fi son da ta yi mini faɗa.

Muka tsaya sallar azahar a wata rijiya inda ake shayar da raƙuma. Aka ɗebo wa Inna ruwan alwala. Tana kurkure baki sai ta dakata, ta sake kurɓa.

"Wannan ɗan'uwan ruwanmu ne," in ji ta. "Kanwarsa ke nan. Ba mu yi nisa ba."

Ta kira mai raƙuman ta yi masa Barbarci, ta ambaci mahaifinta da kakanta. Mutumin ya nuna bayanmu. Ashe tun da hantsi muka wuce wurin. Ya ce tudun da take faɗa ai ya daɗe da sauka cikin kwarin.

Gaskiyarsa. Garin su Inna ya tashi, bukkoki kaɗan suka rage a gefe. A ɗayarsu muka sami wani tsoho, ɗan ƙanin mahaifin Inna. Suka yi gaisuwa mai tsawo irin tasu, suka yi kuka, sannan ya kai ni da abokina ya nuna mana. Bishiya ɗaya yashi ya haɗiye ta ɗungum. Biyun kuma ya binne su har wuya, kawunansu kawai ake hangowa a saman gangare. Na tambayi tsohon ko in na ɗauko 'yan ƙwadago za su iya kwashe yashin. Ya yi dariya ya ce in fara kwashe Kogin Yobe da ludayi tukuna.

Abokina ya rage murya. "Alhaji, ko mu nuna mata wasu bishiyoyin? Ga masu lafiya can. Ba za ta bambance ba."

Na ce a'a. Ban taɓa cusa wa baƙo ruɓaɓɓen kaya ba, ba zan fara da uwata ba. Na koma na gaya mata yadda abin yake. Ta ce, "Ku kai ni."

Muka riƙe ta, ni a dama abokina a hagu, muna taku ƙafa tana nutsewa. Da muka kai sama sai na ga abin da ban lura da shi daga ƙasa ba. Tsohon bai daina yi wa bishiyoyin barbara da furen namijin dabino ba, sun yi 'ya'ya, kuma tunda yashi ya ɗaga ƙasa, nonon dabinon yana reto daidai ƙirjin Inna. Ta kai fuskarta kusa har hancinta ya taɓa.

"Ja ne," in ji ta. "Baba ya ce ja za su yi."

Ta ce tana yarinya a gindi take tsayawa ta tara zane, tana jiran maza su hau su jefo, don mace ba ta hawan dabino. Ta miƙa hannu ta tsinko da kanta. Ta ci ɗaya a hankali. Na biyun ta miƙa wa abokina.

"Ungo, ka je ka gaya wa danginka ka ci arzikin Barebari."

Ya karɓa da hannu biyu. Jikokinta suka cika mayafansu, ita kuma ta zauna a inuwar ganyen tana kallo har sai da na ce lokaci ya yi.

Kafin ƙarshen daminar nan idon ya rufe. Daga baya labari ya iso mini cewa yashi ya gama da bishiya ta biyu. In an bi lissafi, na rasa kasuwa, na gyara wa abokina motar da muka wahalar, gadon Inna kuma ya koma bishiya ɗaya da ita ma kwananta ƙirgagge ne. Abin da na samu shi ne na kai ta da sauran gani, ta gani, ta tsinka da hannunta. Na daɗe ina ciniki, ban taɓa sayen abu mai daraja haka da araha ba. Alhamdu lillahi.