Mai Sadakar Waina a Kasuwar Kafur

Duk ranar kasuwar Kafur yana gindin tsamiya, wani dattijo mai ƙiba cikin baƙar riga da ta sha bugu. Ban san sunansa ba. Yakan sayi waina faifai guda, ya ɗora a cinya, ya ce, "Yara, ku zo ga sadaka."

Sai su taho a guje, yawancinsu 'ya'yan bayi daga rinji, ƙafafu duk faso. Kowa ya san yadda ake sadakar waina: a jera yara, a miƙa wa kowa tasa, su ce amin. Shi kuwa ɗaya yake ɗauka, ya juya ta har idanu su bi ta, ya wurga tsakiyarsu. Suna turmushe juna a ƙasa, yana dariya har rawaninsa ya karkace, yana share hawaye da hannun riga.

Ina jin a gidansa ba mai dariya idan ya shigo. Wannan ce dariyarsa ta mako, kuma yana tattalinta, shi ya sa ba ya jefa ta biyu, sauran wainar sai ta zauna a cinyarsa.

Yau wata yarinya ce ta samu, leɓenta a fashe. Tana cin wainar da ƙasa da jini, tana washe baki.

"Kin ji daɗi?" in ji dattijon.

"Na ji, Baba. Allah ya kawo ka wata kasuwar."

Sauran yaran, har da wani mai kuka, suka ce amin.